Gashin Karfasa A Obin Da Dankalin Turawa

Assalamu alaikum uwargida da amarya, barkanmu da war haka. Yau gashin kifi za mu yi, abincin dare mai sauƙi, ba suya ba fantsamar mai. Karfasa ce na samu guda biyu manya, tarwaɗa ma tana yi amma ni a gashin obin na fi son karfasa, namanta bai cika dagargajewa ba.

Na riga na kankare ɓawon, kun iya wannan. Inda nake so ku tsaya ku kalla da kyau shi ne fiɗar ciki. Kun ga ɗan koren abin nan da ke manne da hanta? Maɗaciya ke nan. Wuƙar kar ta yi zurfi, bakinta kawai za ki sa ki tsaga fatar cikin, sai ki zura yatsu biyu ki jawo kayan cikin gaba ɗaya a hankali, kar ki matsa. Ina sabuwar amarya na taɓa fasa ta ranar da dangin maigida suka zo, na wanke na sake wankewa amma ɗacin nan ya riga ya shiga naman, wallahi har yau ina jin zafin abin, shi ya sa nake nanatawa. Ki cire jan abin cikin kunnensa, ki kankare baƙin da ke jikin ƙashin baya, a nan ƙarni yake ɓuya.

Lemon tsami da gishiri, a murza, a ɗauraye. Sai ki tsane shi da tsumma mai tsabta ya bushe sosai, in da ruwa a jikinsa dahuwa zai yi ba gasuwa ba. A tsattsaga shi sau uku kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙaya.

Ga jajjagena nan, attaruhu 3, tattasai 1, albasa, tafarnuwa, ɗanyar citta. A turmi na daka, blanda tana sa shi ya yi ruwa. Maggi biyu, kori, masoro kaɗan, man gyaɗa cokali uku... a'a bari in sa biyu, kifin nan yana da kitsensa. Wannan kuma yajin kifina ne da nake haɗawa da kaina, akwai ƙaramar roba akwai babba, mai so ta yi magana, in kina da shi ba sai kin sa kori da masoro ba.

Ki cusa haɗin cikin tsagar nan da yatsa, har cikin cikinsa. Ya samu minti 30 yana tsumuwa.

Dankalin na ɗan tafasa shi minti 5 tukuna, don kifi yana riga shi nuna. Shi zan shimfiɗa a ƙasan tire kifin ya hau kai, romon ya sauka a kansa, kuma fatar ba za ta kama tire ba.

Au, ban ce muku ku kunna obin tun ɗazu ba, ya yi zafi kafin kifi ya shiga. Digiri 200, minti 25 zuwa 30, kar ki juya shi zai karye. Marar obin ta zuba yashi a babbar tukunya ta ɗora a gawayi kamar yadda ake gasa kek, sai dai zai ɗan fi jimawa.

To ga shi ya fito. Ku duba, na sa cokali mai yatsu a wajen kauri, naman ya yi fari yana rabuwa da ƙaya da kansa. Bari in matsa masa lemon tsami tun da zafinsa, miƙo min farantin can.