Fasfon Polan: Daga Akwatin Hukuma zuwa Aljihun Ɗan Ƙasa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina, iyayenmu da suka daure suka zo duk da wannan zafi, da ƙannena ɗalibai, barkanku da yamma.

Da aka ce in yi magana kan biza, na san wasu sun zaci Amurka zan ɗauko, ko Ingila, ko Saudiyya. Polan na zaɓa, kuma ga dalilina. Mutumin da aka haifa a Warso, babban birnin Polan, a 1960 ya ga zamanin da ɗan ƙasa ba ya kwana da fasfonsa a gida, yau kuma ga shi yana tuƙa mota daga Warso har Faransa da katin shaida kawai a aljihu. Duk a rayuwar mutum ɗaya. Tambayar da nake so mu bi ita ce: me ya buɗe waɗannan ƙofofi?

Mu fara da zamanin kwaminisanci. A lokacin, ƙofar ta ciki aka kulle ta. Fasfo kayan hukuma ne, yana ajiye a ofishin da ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida, jami'an tsaron farin kaya ke da ta cewa a kansa. Za ka cike takarda, ka faɗi inda za ka, da wanda ya gayyace ka, ka koma gida ka zuba ido. Ana iya hana ka. In an ba ka, kana dawowa sai ka mayar musu da abinsu. Ku duba fa, kafin mutum ya kai ga roƙon baƙi su bar shi ya shiga, sai ya roƙi nasa sun bar shi ya fita.

Abin da ya fi sosa min rai a wannan tarihi shi ne na 1968. Gwamnati ta taso Yahudawan ƙasar a gaba, mutum wajen dubu 13 suka fice cikin 'yan shekaru. Ba a ba su fasfo ba. Wata takardar tafiya aka miƙa musu, an rubuta a jikinta cewa mai riƙe da ita ba ɗan Polan ba ne. Takarda ta fita ce, babu ta dawowa. An haifi mutum a wuri, kakanninsa na kwance a maƙabartar garin, rana ɗaya a ce shi ba ɗan nan ba ne.

An ɗan sassauta a 1972, lokacin da aka bari 'yan Polan su shiga Jamus ta Gabas da katin shaida. A 1980, da ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity ta yi ƙarfi, hukumomin Jamus ta Gabas suka tsorata kada abin ya yaɗu zuwa wajensu, suka soke tsarin. Ranar 13 ga Disamba 1981 Janar Jaruzelski, shugaban gwamnatin Polan, ya kafa dokar soja, aka rufe iyakoki. Sai a 1989 ɗan Polan ya sami ikon ajiye fasfonsa a ɗakinsa.

Daga nan abubuwa suka zo da sauri. A 1991 Jamus da maƙwabtanta na yamma suka cire musu biza. Ranar 1 ga Mayu 2004 Polan ta shiga Tarayyar Turai. Ranar 21 ga Disamba 2007 ta shiga yarjejeniyar Shengen ta buɗe iyakoki tsakanin ƙasashen Turai, aka ɗauke shingayen bincike tsakaninta da Jamus. Kanada ta cire musu biza a 2008. A 2004 ɗin nan Birtaniya da Ayalan da Suwidin suka buɗe musu kasuwar aiki nan take, matasa kuwa suka kwarara, domin a gida rashin aikin yi ya kai wajen kashi 20 cikin ɗari. Ƙidayar 2011 ta nuna harshen Polan ne ke bin Ingilishi a yawan masu magana a Ingila.

Na baya, kuna ji na? To madalla, domin nan ne nake so mu daɗe.

Amurka ta ƙi buɗe tata ƙofar. Ga birnin Chicago cike da jikokin 'yan Polan. Ga Polan ta shiga ƙawancen NATO tun 1999, ta tura sojoji Iraƙi a 2003 har ta jagoranci rundunar ƙasashe a tsakiyar ƙasar, ta tura Afganistan, 'ya'yanta sun mutu a can. Amma a Nuwamba 2008, da Amurka ta saka Cek da Slobakiya da Hungari da ƙasashen Baltik uku cikin tsarin shiga ba biza, sai aka tsallake Polan. Abin ya yi wa mutanen ciwo ƙwarai, kuma ni ina ganin suna da hujja. Shugabanninsu sun yi ta kai kukan nan Washington shekara da shekaru.

Me ya hana? Lissafi. Dokar Amurka ta ce sai adadin waɗanda ake hana wa bizar ziyara daga ƙasa ya sauka ƙasa da kashi 3 cikin ɗari. Na Polan a tsakiyar shekarun 2000 ya haura kashi 20. Jami'in da ke zaune bayan gilashi a ofishin jakadanci ba ya tambayar ko ƙasarka ƙawar ƙasarsa ce. Abu ɗaya yake aunawa: wannan mutumin, in ya shiga, zai koma gida? Yana da aiki, yana da iyali, yana da abin da zai ja shi ya dawo? Muddin albashin wata a Polan bai kai abin da mutum zai samu a mako yana aikin gini a Chicago ba, amsar da jami'in zai ba kansa a bayyane take.

Sai tattalin arzikin Polan ya yi ta haɓaka. Zuwa 2019 rashin aikin yi ya sauko wajen kashi 3. Masu son fita neman kuɗi suna da Jamus da Birtaniya kusa da gida, bisa doka, ba sai sun ɓuya ba. Adadin waɗanda ake hanawa ya faɗo ƙasa da kashi 3, aka saka Polan cikin tsarin ranar 11 ga Nuwamba 2019, wadda ta dace da ranar bikin 'yancin kansu. Ra'ayina, kuma na tsaya a kai: abin da jinin sojoji da zaryar shugabanni ba su samar ba, aikin yi a gida ne ya samar da shi.

Sai dai kada wani ya fita daga zauren nan yana cewa ɗan Polan yana shiga ko'ina yadda ya ga dama. Kafin ya hau jirgin Amurka sai ya nemi izini ta intanet, wanda ake kira ESTA, ya biya kuɗi. Kwana 90 aka ba shi, na ziyara ko harkar kasuwanci, ba na aiki ba, kuma jami'in filin jirgi na iya juyo da shi. Akwai wani sharaɗi da ya shafi inda 'yan'uwanmu suke: duk wanda ya taka Sudan ko Libiya ko Somaliya ko Iran ko Iraƙi ko Siriya ko Yaman tun daga 1 ga Maris 2011, ya fita daga wannan sauƙi, sai ya nemi biza kamar kowa, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe. Hatimi ɗaya na Khartoum a fasfo ya isa.

Kuma ƙofa tana buɗewa tana ƙuntata. Birtaniyar da ta yi musu maraba a 2004 ta fice daga Tarayyar Turai, 'yancin zuwa aiki ya ƙare a ƙarshen 2020. Daga Oktoba 2021 baƙo ba ya shiga da katin shaida, sai fasfo. Daga Afrilu 2025 sai da izinin intanet na ETA. A cikin Shengen ma, Jamus ta dawo da bincike a iyakarta da Polan a 2023, Polan ta mayar da irinsa a Yuli 2025, duk kan rikicin 'yan ci-rani. A ɗaya ɓangaren, Turkiyya ta cire musu biza a 2020, Sin ta bi sahu a 2024.

Wata ƙofar kuwa a buɗe take amma gwamnatinsu na cewa kada a shiga. Belarus ta cire wa 'yan Polan biza a 2022, ma'aikatar harkokin wajen Polan kuma tana gargaɗin mutanenta su ƙaurace wa ƙasar. Can ne aka yanke wa ɗan jarida Andrzej Poczobut, ɗan asalin Polan, ɗaurin shekara 8 a 2023. Wanda ke da ƙasa biyu ya fi shiga haɗari, domin ɗaya ƙasar na iya cewa nata ne, jakadan Polan ba shi da hurumi a kansa.

Shugaba ya nuna min agogo, bari in kawo mu gida. Ɗan Polan da zai zo Najeriya sai da biza, sai da katin rigakafin shawara. Kuma suna zuwa, domin Jami'ar Warso ta daɗe tana koyar da Hausa. Masu nazarin harshe a cikinku sun san ayyukan Farfesa Stanisław Piłaszewicz da Farfesa Nina Pawlak. A Agusta 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, jami'an tsaro suka tsare 'yan Polan bakwai a Kano, ɗalibai shida da malami guda daga wannan jami'a, bisa zargin alaƙa da masu ɗaga tutar Rasha. Gwamnatin Polan ta musanta, ta ce karatu ya kawo su. Wanda ya san rashin jituwar da ke tsakanin Polan da Rasha zai gane dalilin da ya sa zargin ya ba mutanen Warso mamaki. A waɗannan makonni, ƙarfin fasfonsu a Turai da Amurka bai amfane su da komai ba. Ofishin jakadancinsu na Abuja ne ya yi ta kai-kawo har aka sake su kafin ƙarshen watan. Irin wannan ne ya sa ma'aikatarsu take da rajistar intanet mai suna Odyseusz, inda matafiyi ke rubuta inda za shi da ranar dawowarsa, don a san inda za a neme shi. Inda kuma Polan ba ta da jakada, dokar Tarayyar Turai ta ba shi damar ƙwanƙwasa ƙofar jakadan kowace ƙasa ta Tarayyar, a karɓe shi kamar ɗan gida.

Na ga hannaye sun fara tashi. Baba da ke gaba, bismillah, a miƙa masa makirufo.