Tambayar Kan Hanya a Doguwar Tafiyar Keke

Aminu: Assalamu alaikum masu sauraro, muna gaishe ku daga Katsina. Malam Lawal, a tafiye-tafiyen da ƙungiyar Audax Club Parisien ta Faransa ke tantancewa, ana ba mahayi sa'o'i 13 da rabi ya kammala kilomita 200, ko sa'o'i 40 idan kilomita 600 ne. Ta yaya ake tabbatar da cewa mutum bai yanke hanya ba?

Malam Lawal: Kowane mahayi yana tafe da kati, kuma a wasu zanguna akwai mai buga hatimi ya rubuta lokacin isowa. Sai dai ba ko'ina ake samun wanda zai zauna jiran masu keke ba, musamman a ƙauye ko da tsakar dare, shi ya sa ake rubuta tambaya a katin wadda ba za ka san amsarta ba sai ka je wurin ka gani da idonka.

Aminu: Ke nan da za mu shirya irinta daga nan zuwa Daura, sai mu tambayi sunan rijiyar da Bayajidda ya kashe macijiya?

Malam Lawal: Ai wannan ba za ta yi ba, Aminu, domin ko yaron firamare ya san Kusugu ce. Abin da ake so shi ne rubutun da ke jikin wani allo ko lambar da ke kan dutsen kilomita, abin da ba ya gusawa, wanda kuma fitilar keke za ta iya haskawa. A ganina wajibi ne mai shiryawa ya sake bin hanyar dab da ranar tafiya, saboda ana cire alluna, ana kuma sake wa gine-gine fenti.

Aminu: To, shi kuma mahayin fa, Malam?

Malam Lawal: Ya karanta tambayoyin tun kafin ya tashi, ya san a kilomita nawa kowace take, ya kuma sanya katin da biro cikin leda saboda gumi da ruwan sama. Da ya isa, ya rubuta amsar nan take, domin gajiya tana sa mantuwa.

Aminu: Idan kuma ya tarar babu allon?

Malam Lawal: Ya ɗauki hoton wurin tare da kekensa, ya rubuta abin da ya gani da lokacin da ya iso, sannan ya yi wa mai shiryawa bayani idan ya zo miƙa katin.