Agogon Aiki a WildFly: Tsakanin Fayil ɗin Saiti da Rubutaccen Umarni

Assalamu alaikum. Malamaina da ɗalibai 'yan'uwa, batun da zan yi magana a kai yau shi ne yadda ake kula da agogon aiki a uwar garken manhajoji, wato tsarin da manhajoji ke gudana a kansa, kuma zan tsaya ne a kan WildFly, wadda a da ake kira JBoss AS kafin kamfanin Red Hat ya sauya mata suna a shekarar 2013.

Abin da nake nufi da agogon aiki shi ne tsarin da ke tayar da wani aiki da kansa idan lokacinsa ya yi, kamar haɗa lissafin rana da tsakar dare ko aika saƙonnin tunatarwa duk bayan awa guda. A harshen Java wannan tsari ya shigo ne da EJB 2.1, wato ƙa'idar Java ta rubuta manhajojin uwar garke, sannan a shekarar 2009 EJB 3.1 ya zo da alamar @Schedule, wadda ta ba mai rubuta manhaja damar faɗin lokacin a layi ɗaya. Sai dai mai rubuta manhaja lokacin kawai yake faɗa. Inda za a adana agogon, da adadin ayyukan da za su gudana a tare, duk suna hannun mai kula da uwar garke ne.

Idan kuka buɗe fayil ɗin saiti na WildFly, wato standalone.xml, a sashen ejb3 za ku tarar da timer-service. Yadda WildFly ke zuwa daga tushe, tana ajiye bayanan agogo ne a wata jaka mai suna timer-service-data a kan kwamfutar kanta, kuma zaren aiki goma aka ware wa rukunin da agogon ke amfani da shi, wato ayyuka goma ne za su iya gudana a tare. Muddin uwar garke ɗaya ce, wannan ya wadatar. Matsala tana farawa ne ranar da aka ƙara ta biyu domin raba nauyi, saboda kowace tana da nata ma'ajin, babu wadda ta san abin da 'yar'uwarta ta yi, sai aikin dare ya gudana sau biyu. Ku ƙaddara aikin nan na cire kuɗi ne daga asusun mutane, kun ga ai ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Mafita ita ce a mayar da ma'ajin cikin rumbun bayanai guda ta hanyar database-data-store, inda duk uwayen garken za su riƙa duba tebur ɗaya, wadda ta riga kama aikin ita ce za ta yi shi.

A nan ne nake so ku natsu, domin ma'aunan ba iri ɗaya ba ne. Saitin refresh-interval, wanda ke faɗin tazarar da uwar garke za ta riƙa komawa rumbu don ganin sababbin agogo, da milisakan ake auna shi, don haka minti ɗaya shi ne 60000. Amma default-timeout na sashen transactions, wato wa'adin da aka ba aiki ya kammala kafin a warware shi, da daƙiƙa ake auna shi, kuma 300 yake daga tushe, wato minti biyar. Wanda ya rubuta 60 a wuri na farko yana zaton minti ya sa, ya ɗora wa rumbun bayanansa tambaya fiye da goma a kowace daƙiƙa. Haka kuma aikin da ke cin minti takwas alhali wa'adinsa minti biyar ne, za a warware duk abin da ya yi, a sake gwada shi, ya sake faɗuwa a wuri guda.

To, ta yaya za a sauya waɗannan saituna? Da yawa sukan buɗe fayil ɗin su gyara da hannu, kuma ni ba na goyon bayan haka idan uwar garke tana aiki. Dalili shi ne WildFly tana riƙe da saitinta a ƙwaƙwalwa, kuma duk lokacin da aka yi wani sauyi ta ƙofar gudanarwa, sai ta sake rubuta fayil ɗin gaba ɗaya daga abin da ta sani, gyaran hannun kuwa ya bi ruwa. Jakar standalone_xml_history tana ajiye tsofaffin kwafi, amma wannan magani ne bayan ɓarna ta auku.

Hanyar da na fi aminta da ita ita ce jboss-cli, kayan aikin rubuta umarni wanda ke magana da uwar garke ta tashar 9990. Ana rubuta umarnin a fayil, a fara da batch a rufe da run-batch, ta yadda ko dai duk sauye-sauyen su shiga ko kuma babu wanda zai shiga. Fayil ɗin kuma sai a ajiye shi a Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayil, domin a san wanda ya sauya abu da ranar da ya sauya, a kuma gudanar da shi iri ɗaya a wurin gwaji da wurin aiki. Wasu sauye-sauyen ba sa kama aiki nan take, amsar za ta nuna reload-required, don haka rubutun ya ƙare da umarnin reload.

Abu na ƙarshe shi ne shiyyar lokaci. Yawancin uwayen garken da ake haya a waje suna kan UTC ne, wato ma'aunin lokacin duniya, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya, saboda haka aikin da aka tsara wa sha biyun dare zai tashi ne da ƙarfe ɗaya a agogonmu, sai fa idan an rubuta Africa/Lagos ko Africa/Niamey a cikin @Schedule. Yanzu zan karɓi tambayoyinku.