Amsoshin Tambayoyinku: Makin Cin Jarrabawar Hafsoshin Jiragen Ruwa

Mai gabatarwa: Jama'a barkanmu da sake saduwa. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma ƙanƙane ne. Yau muna tare da wani tsohon kyaftin na jiragen dakon kaya. Ranka ya daɗe, barka da zuwa.

Kyaftin: Barka kadai, Malam.

Mai gabatarwa: Wani matashi na tambayar shekarun da ake bukata kafin a ba mutum takardar hafsa mai gadin tuƙi. Shekara 18 ne mafi ƙaranci. Wata baiwar Allah kuma ta ce ɗanta ba ya bambance ja da kore, ko zai iya? Hajiya, a ɓangaren tuƙi da wuya likita ya sa masa hannu, gara a gwada idonsa tun kafin a kashe kuɗin makaranta.

To ga wadda ta fi yawa, mutum huɗu suka aiko ta. Ɗayansu ya ce ya zauna jarrabawa a Amurka, ya ci 86 cikin 100 a dokokin kauce wa karo, aka ce ya faɗi, alhali da 70 ya tsallake wasu takardun. Ya ce wannan ba zalunci ba ne? Haba ɗan'uwa, har da jan layi uku ƙarƙashin kalmar zalunci! Ka kwantar da hankalinka. Yarjejeniyar STCW ta horar da ma'aikatan jiragen ruwa da ba su takardun shaida, wadda IMO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin teku, ta amince da ita a Landan a 1978, aka yi mata garambawul a 1995, sannan a Manila a 2010, abin da ta tsara shi ne ƙwarewar da hafsa zai nuna. Ba ta yanke maki ɗaya ga duniya ba. Kowace ƙasa ita ke tsara jarrabawarta da makinta. Na maimaita: babu maki ɗaya na duniya. A Amurka yawancin takardu 70 ne, amma ta dokokin kauce wa karo 90 ce. Tambaya 50, kuskure biyar kawai aka yafe maka. Kai kuwa bakwai ka yi.

Kyaftin: Malam, bari in sa baki. Ƙarfe biyu na dare, kai kaɗai da matuƙi a sama, kyaftin yana barci. Sai ka hango fitila ja da kore a tare, fararen fitilun sama sun jeru ɗaya bisa ɗaya. Jirgi ne ya nufo ka gaba da gaba. Dokar kauce wa karo ta 1972 ta ce kowa ya karkata dama. Ba lokacin buɗe littafi. Mu a zamaninmu haddace dokokin muke yi kamar karatun allo. Kuma fa rubutu ba shi ne ƙarshe ba, a Ingila akwai ta baka, a zamaninmu sai ka zauna gaban mai jarrabawa ya yi maka ta baka, ya ajiye 'yan jiragen katako a tebur ya ce, to, me za ka yi? Na ga ƙato yana gumi a wurin nan. Ga kuma zaman teku, wato lokacin da za ka yi kana aiki a jirgi kafin a ba ka takarda, wata 12 cikin horon da aka amince da shi, in ba haka ba wata 36...

Mai gabatarwa: Kyaftin, za mu dawo kan zaman teku mako mai zuwa. Ni a ganina 90 ɗin nan daidai ne, ko kaɗan ban ga zalunci ba. Mutanen da ke barci a ƙasan jirgin sun ba ka amanar ransu. Ka koma kan fitilu da alamun sauti, ka sake zama, kuma ka rubuto mana ranar da ka ci.

Ta ƙarshe a gurguje: takardar hafsa tana ƙarewa? E, duk shekara biyar ake sabunta ta, ta lafiya kuwa ba ta wuce shekara biyu. Injiniyoyin da suka rubuto, wasiƙunku na nan a hannuna, da ku za mu fara. A huta lafiya.