Tarapur: Tashar Nukiliyar Da Ta Yi Yawon Neman Abinci

Ku dubi wannan wuri a taswira. Tarapur ke nan, a bakin teku, arewa da birnin Mumbai na Indiya. A 1963 Indiya da Amurka suka ƙulla yarjejeniya: kamfanin General Electric zai gina tukwanen nukiliya biyu a nan, Amurka kuma za ta riƙa kawo yuraniyom ɗin da za su ci har shekara 30. A 1969 tashar ta fara ba da lantarki.

Ana zaune lafiya, sai a watan Mayun 1974 Indiya ta gwada bam a hamadar Pokhran. Ku lura, sinadarin bam ɗin ba daga Tarapur ya fito ba, daga wata tukunyar bincike ce da Kanada ta taimaka aka gina. Amma Tarapur ce ta ji a jikinta. A 1978 majalisar dokokin Amurka ta kafa doka cewa duk ƙasar da ba ta buɗe dukkan cibiyoyinta na nukiliya ga masu binciken hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ba, a daina sayar mata da yuraniyom. Indiya ta ce ba da ita ba. Kaya suka fara zuwa a makare, daga baya suka tsaya cak. A 1982 aka shirya Faransa ta karɓi ɗawainiyar, a 1995 aka koma wajen China, a 2001 kuma Rasha.

Wani zai ce, to a je wata kasuwar mana! Ai ba fetur ba ne da za ka ɗauki jarka ka tafi gidan mai na gaba. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa, irin na Arlit a Nijar, nau'in da ke ba da wuta a cikinsa kashi 0.7 ne kacal cikin ɗari. Yawancin tukwane sai an tace musu shi ya kai kashi 3 zuwa 5. Masu wannan tacewa don kasuwa kuwa ba su cika yatsun hannu ba: Rasha, China, Faransa, sai kamfanin Urenco na Turai.

Ko an tace, da sauran rina a kaba. Sandunan da ake zuba yuraniyom ɗin a cikinsu ɗinkin tela ne, kowace tukunya da nata awon. Na tukwanen Rasha damin nasu mai kusurwa shida ne, kamar saƙar zuma. Na Amurka da Faransa kusurwa huɗu. Shi ya sa Ukraine ta kwashe shekaru tana gwajin sandunan kamfanin Westinghouse na Amurka kafin su zauna a tukwanenta ƙirar Sobiyet.

Yanzu haka Rosatom, kamfanin nukiliyar gwamnatin Rasha, na gina wa Masar tukwane huɗu a El Dabaa, kuma shi zai riƙa kawo makamashinsu har shekara 60. Alƙawarin Tarapur rabin wannan ne, kuma yana da shekara 15 majalisar Amurka ta sauya sharuɗɗa.