Daga Kantar Banki Zuwa Aikin Kwansaltan: Me Ake Buƙata?

Assalamu alaikum. Ma'aikacin banki a Gombe da taget ya ishe shi, yake tunanin komawa aikin kwansaltan, wato mai ba kamfanoni shawara kan yadda za su gyara tafiyarsu, wannan bidiyon naka ne.

Hanya biyu ce. Ko ka nemi aiki a babban kamfani irin su PwC, KPMG, Deloitte, EY ko McKinsey, wanda kusan dole ka tattara ka koma Legas ko Abuja, ko kuma ka buɗe naka nan gida.

Kowacce ka ɗauka, tambayar farko ita ce: a wane sashe ka zauna a banki? Wanda ya yi shekaru yana tantance masu neman rance, yana karanta lissafin kamfanoni, ya riga ya yi nisa. Haka wanda ya zauna a sashen binciken kuɗi. Amma idan a kantar karɓa da biyan kuɗi ka tsaya, ko farautar masu ajiya, sai ka ƙara ilimi: takardar ƙwarewar akanta ta ICAN ko ACCA, ko PMP ta kula da ayyuka, sannan hannunka ya faɗa sosai a Excel da PowerPoint.

A CV kuwa, "na yi shekara 8 a banki" ba ya sayar da kai. Rubuta matsalar da ka tarar, abin da ka yi, da abin da ya canza, da alƙaluma.

Inda 'yan banki suka fi faɗuwa shi ne intabiyu. Ba tarihinka za a tsaya tambaya ba, matsala za a ajiye maka. Misali a ce: ga kamfanin casar shinkafa a hanyar Dadin Kowa, ciniki bai ragu ba amma riba ta zube, me ya faru? Ɗan banki zai fara tambayar jingina da ko za su iya biyan bashi, don abin da aka horar da shi ke nan. Ba shi ake nema ba. Raba matsalar gida biyu, kuɗin shiga da kuɗin kashewa. Tunda ciniki na nan, bi kashewa ɗaya bayan ɗaya. Nawa ake sayen buhun shanshera bana, nawa ne bara? Dizal nawa injin ke sha? Kwana nawa yake tsayawa a wata? Daga buhu 100 na shanshera, nawa ke fita tsababa, nawa ke karyewa? Sau da yawa ɓarnar tana nan, a wurin da littafin akanta ba ya nunawa. Ka riƙa tunaninka a fili, domin hanyar da ka bi ake dubawa fiye da amsar. Ka samu aboki ku yi atisaye kamar sau 20 kafin ranar.

Mai son buɗe nasa ya yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya karɓi lambar haraji. Kwangilar gwamnatin tarayya tana neman takardar shaidar biyan haraji da ta PenCom, hukumar kula da fansho, kuma sabon kamfani ba ya samun babban aiki don ba shi da tarihi. Shi ya sa aka fi farawa a ƙarƙashin wani babban kamfani, ko a ayyukan Bankin Duniya da ƙungiyoyin agaji da suka yawaita a Arewa maso Gabas. 'Yan kasuwarmu kuwa, a gaskiya, ba su saba biyan kuɗin shawara ba. Alhaji zai ce ai magana ce kawai. Don haka ka sayar masa da abin da zai riƙe a hannu: tsarin kasuwanci na neman rance a Bankin Masana'antu, ko gyaran lissafin sito. Ku rubuta yarjejeniya, ka karɓi kafin alƙalami.

Kafin ka miƙa takardar ajiye aiki, duba rancen ma'aikata da ke kanka, domin yawanci da ka fita sauƙin ruwansa ya ƙare. Ka tanadi kuɗin cefane na aƙalla wata 6, saboda kuɗin kwansaltan kan makale bayan an gama aiki. Asusun fanshonka yana nan da sunanka, kuma dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cirar kashi 25 idan ya yi wata 4 babu aiki. Bayanan kwastomomin banki kuma, ko a waya, kada ka fita da su. Amana ce, kuma tana iya kai ka kotu.