Na'urar da ke taya likita karanta hoton ƙirji

Jama'a, ɗaukar hoton ƙirji ba ya cin lokaci. Samun wanda zai karanta shi ne aiki. Likitocin hoto ba su da yawa a ƙasar nan, kuma galibinsu suna manyan asibitoci, irin su Barau Dikko a nan Kaduna ko asibitin koyarwa na ABU da ke Shika. To, mutumin Birnin Gwari ko Kauru fa?

Wannan giɓin ne ƙirƙirarriyar basira ke ƙoƙarin ragewa. Manhaja ce da aka nuna wa dubban hotunan da likitoci suka riga suka tantance: wannan huhun lafiyarsa ƙalau, wannan da tabo, wannan ruwa ya taru. Yau da gobe har ta gane kamannin cuta. Idan aka ba ta sabon hoto, cikin ƙasa da minti guda za ta shafa launi a wurin da take zargi, ta ba da maki.

Inda ta fi yi mana amfani shi ne tarin fuka, wanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu fama da shi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irin waɗannan manhajoji wajen tace masu shekara 15 zuwa sama. Akwai CAD4TB ta ƙasar Holan, mai ba da maki daga 0 zuwa 100, akwai qXR ta Indiya. Ana haɗa su da ƙaramar na'urar hoto da ake goyawa a baya, a kai ta har ƙauye.

Amma ku saurara da kyau: maki mai yawa ba ya nufin an tabbatar da cuta. Wanda ya yi tarin fuka shekarun baya ya warke, tabon na nan a huhunsa, kuma manhajar na iya ɗaukarsa sabon ciwo, domin hoto kawai ta gani, ba ta ji tarihin mutum ba. Shi ya sa ake karɓar kaki a gwada a na'urar GeneXpert kafin a fara magani, wanda kyauta ne a asibitocin gwamnati.

A sikanin kai kuwa, idan irin wannan manhaja ta hango jini a ƙwaƙwalwa sai ta tura hoton gaban layi, likita ya fara da shi. Wasu ma suna tsara daftarin rahoto, likita ya duba, ya gyara, ya sa hannu. A Suwidin, wani gwaji kan mata kimanin 80,000 da aka fitar a 2023 ya nuna da taimakon irin wannan manhaja aikin karanta hoton mama ya ragu wa likitoci da kashi 44 cikin ɗari.

Abin da nake so a kula da shi: akasarin manhajojin nan da hotunan wasu ƙasashe aka horar da su. Kafin a sakar musu marasa lafiyarmu, likitocinmu su gwada su a kan hotunanmu, su kuma yanke makin da daga shi za a tura mutum gwajin kaki.